Iƙamar Kawu a Aljihun Baba

Ranar wata Juma'a ce, da hantsi, a watan da ake sauke dabino. Mu huɗu ne a tsakar gidan da muke haya a Mahdiya, cikin Sabha: ni, Inna, Baba, da wani dattijo da ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, da safen nan, bayan kwanaki a hamada daga Agadas. Shekarata tara. Har yau in na ji ƙamshin shayi mai kumfa da aka zuba wa gyaɗa, wannan hantsin nake komawa.

Dattijon yayan Kawu ne, kuma ƙanensa ya zo nema.

Kawu ba ɗan'uwanmu na jini ba ne. Ƙauyensu ɗaya da Baba, askar fuskarsu iri ɗaya, tare suka ƙetaro hamada lokacin da arzikin mai ya fara tayar da benaye a Sabha. Kawu ya samu iƙama, wato takardar izinin zama. Baba bai samu ba. Shekara uku kafin zuwan dattijon, Kawu ya faɗo daga hawa na uku a wurin gini. Mai aikin ba ya son 'yan sanda su shigo maganar, leburori ma haka, don rabinsu ba su da takarda. Aka binne shi a bayan wata gona a hanyar Samnu. A ɗakinmu Baba ya yi masa wanka. Na ga ƙafafunsa sun leƙo daga cikin bargo, da busasshen siminti a tsakanin yatsu.

Daga ranar iƙamar Kawu ta koma aljihun Baba. Hoton ya dushe, masu tsare hanya kuma aska kawai suke dubawa.

Kawu ya bar mata da 'ya'ya biyu a gida, ga fari ya cinye gero da dabbobi. Duk Sallah Baba yakan ɗaure ƙunshi, shinkafa da sukari da mai da turmin atamfa, ya ba direba, ya ce a ce mata daga mijinta. A ganinsa hakkin mamaci yake saukewa.

"Sau biyu matarsa tana zuwa gaban alƙali," in ji dattijon, yana duban Baba. "Alƙalin ya ce mijin da ke aiko da ci da sutura bai yar da iyalinsa ba, ba zai raba auren ba. Wasiƙa babu, sai shinkafa. In ya mutu ku faɗa min, ta yi takaba, ta san inda ta nufa. Ko talatin ba ta kai ba."

"Yana filin mai, Yaya, can cikin sahara," Baba ya ce. "Kamfani ba ya sakinsu."

"Filin man ba shi da Juma'a?"

Baba ya ci gaba da ɗaga buta yana tsiyaya shayi. Kumfa ta cika kofi ta malala a tire, bai lura ba. Inna tana tsintar wake a bakin ƙofa, hannunta ya tsaya cikin faifai.

Sai dattijon ya juyo gare ni. "Zo nan, ɗiyata. Ke ba ki koyi zancen manya ba tukuna. Yaushe rabonki da kawunki?"

Ba wanda ya taɓa koya min abin da zan ce. Amma makonni kaɗan kafin nan na ga an loda maƙwabtanmu a babbar mota an nufi iyaka da su, tukunyarsu tana kan murhu. Na kuma ji Inna tana cewa wanda aka kama da takardar mamaci ba iyaka ake kai shi ba, kurkuku ne.

"Da ƙaramar Sallah," na ce. "Shi ya sayo min takalmin nan."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ya sha shayinsa har kofi na uku. Da zai tashi ya ce, "Ku gaya masa idon uwarsa ya fara tafiya. In yana son ta gan shi, ya yi sauri."

Da ya fita, Inna ta ce, "Ka daina aika ƙunshin nan, Malam, alƙali ya raba auren matar nan."

"Yaran su ci me?"

"To rubuta mata saki, tunda sunansa ka ɗauka."

"Sunansa na ɗauka. Ban ɗauki igiyar aurensa ba."

Ba wanda ya ce min na kyauta, ba wanda ya ce na yi laifi. Ƙunshi ya ci gaba da tafiya. 'Ya'yan Kawu biyu sun rayu, a shekarun da gidaje da yawa a ƙauyen suka binne yara. Uwar Kawu ta rasu tana jiransa. Ni kuma da sunansa aka sa ni makaranta, a matsayin sunan mahaifi, kuma shi ne a takarduna har gobe. Yanzu da ake ɗaukar zanen yatsa, kowa kuma da waya a hannu, irin wannan ba zai yi wata guda ba. Ban sani ba ko hakan ya fi, in na tuna yaran nan biyu.

Baba ya rasu a asibitin Sabha bayan shekara ashirin da ɗoriya. Takardar mutuwarsa ta fito da sunan Kawu. Inna ta sa ta a ambulan ta ba direba, ba ta haɗa da wasiƙa ba. Matar Kawu ta shiga takaba da furfura a kanta, wata huɗu da kwana goma, sati uku bayan Inna ta shiga tata.