Wasiƙar da Na Fassara wa Baba

"Karanta mini, ɗiyata. Mi sunka ce?"

Baba ne ya miƙo mini takardar da shugabanninsa suka rubuta masa da Turanci, ranar da ya yi ritaya daga aikin gadi a wani ƙaramin asibiti kusa da iyakar Benin. Shekara talatin ya yi a bakin ƙofar nan. Ni kuma lokacin ina aji biyar na sakandare a Bagudo, ina ji da Turancina.

Na yi ta karantawa har na zo inda aka ce aikinsa "invaluable" ne. An koya mana cewa "in" a farkon kalma yana juya ma'anarta: "correct" daidai, "incorrect" kuskure. "Valuable" kuwa mai daraja. Sai na dakatar da karatun.

"Faɗi mana," in ji shi.

"Baba, wai aikinka bai da daraja."

Sai ya ce, "To, Allah na gani." Ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Ko walimar da abokan aikinsa suka shirya masa bai je ba.

Sai a kwaleji, bayan rasuwarsa, malaminmu ya yi bayanin kalmar: abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta. Ashe yabo mafi girma suka yi masa. Na fita daga aji ina kuka.

Da na ce masa ban sani ba, da ya tambayi wani. Ku taya ni yi masa addu'a, kuma ku faɗa mini: wace kalma ta taɓa yaudararku haka?