Malam Bube Dispensa da Farin Tabon Atu

Haihuwa da karatu

A shekarar 1921 aka haifi Malam Bube a garin Sanyinna, mahaifinsa Namadi manomin gero, mahaifiyarsa Hinde. Ya yi elamantare a Tambuwal da Midil a Sakkwato, sannan ya sami horon aikin dispensa, wato duba marasa lafiya da ba da magani, a Zariya, inda aka shaide shi da rashin yarda da abin da idonsa bai gani ba.

Aiki da iyali

Ya auri Zahara'u, mutuniyar Fakku, a 1944, aka tura shi Kebbe bayan shekara biyu. A 1947 Allah ya azurta su da tagwaye mata, waɗanda aka fi sani da Atu da Mardiya, masu kamar da ko uwarsu takan rikice.

Lalurar Atu

A shekarar samun mulkin kai, farin tabo ya fito wa Atu a hannu da gefen baki, nan take gari ya ɗauka cewa kuturta ce. Malam Bube ya rufe mata ido, ya shafa auduga a kan tabon, ta ji sarai, alhali tabon kuturu ba ya jin taɓi. Duk da haka aka kai ƙararsa cewa yana ɓoye kuturwa, aka nemi a kai ta sansanin kutare, shi kuwa ya kafe.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Mardiya: ciki ɗaya, tukunya ɗaya, amma fatarta lafiya lau. Ya zargi rijiya, ya zargi sabulu, daga bisani ya zargi jini. Sai ya shiga ƙauyuka yana tambayar masu irin tabon sunayen kakanninsu, ya kuwa manta cewa a ƙasar nan ba a tambayar asali sai in za a goranta wa mutum bauta. Aka rufe masa ƙofofi. Da ya ji an taɓa yin mai tabo a dangin Zahara'u, ya ɗora laifin a kansu a bainar jama'a, baiwar Allah ta haɗiye wannan baƙin ciki shekara biyar.

A 1965 wani likitan bincike ya zo rangadi, ya tabbatar ba kuturta ba ce: garkuwar jiki ce ke cin launin fatar mai ita, kuma ana gadon abin, ya yi barci a jikin wani, ya farka a jikin wani. Da haka Atu ta tsira. Da likitan ya tambayi ta wane ɓangare aka gado, Malam Bube ya ce, "Ba mu sani ba tukuna."

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba, fuɗu ga Mayun 1966, bayan gajeruwar rashin lafiya. Da ƙanensa Lauwali ya tuɓe masa taguwa don wanka, sai ga farin tabo ya rufe ƙirji har kafaɗa. Tun yaushe yake ɗauke da shi, Allah kaɗai ya sani. Lauwali ya faɗa wa Zahara'u kafin a ɗauki gawa.

An binne shi a Kebbe bayan azahar. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Sama'ilu, Mardiya, da Atu, wadda ta gaji tabon mahaifinta.