Na sayi gida da sunan matar da aka binne a Liba

A shekarun da zan ba ku labari, ni mace ce da ba a taka ta a kasuwar Jega ta yi shiru. Albasa nake sarowa daga Aliero in zube a rumfata, kuma ko 'yan dako sun san idan na ɗaure gyale a ƙugu, to ranar ba zaman lafiya. Karatu kuwa ko bihim ban sani ba, babban yatsana shi ne alƙalamina. Abin da mutane ba su sani ba, ko sun sani suka kawar da kai, shi ne ni ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga wani ƙauye na Nijar na tsallako bayan rasuwar mijina, na bar mahaifiyata a hannun ƙanena. Hausarmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, don haka na shekara goma ba wanda ya ce in nuna masa takarda. Yanzu da hannuna nake rubuta muku wannan, saboda haka idan kun ga gargada ku yi haƙuri, da furfura na shiga aji.

Haya ta ishe ni, na tara abin da na tara, na ga wani gida mai ɗaki uku da rijiya a bayan tasha, raina ya kwanta da shi. A lokacin an rufe iyaka, ana ta jita-jitar za a kwashe baƙi marasa takarda, ga kuma maganar sai da katin ɗan ƙasa layin waya zai yi aiki. Tsoro ya shige ni, ni da ban san tsoro ba. Dillalin gidan ya lura. Ya ce Hajiya, baƙo idan ya sayi gida a ƙasar da ba tasa ba, wa gwamnati ya saya, rana ɗaya za a sa wa gidan kwaɗo a raka shi bakin iyaka. Ban tambayi kowa ko gaskiya ya faɗa ba. Ya ce amma akwai gyara, zai samo min takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, in je da su a ɗauki hotona da yatsuna in zama 'yar ƙasa. Na ce sunan wa ke ciki. Ya yi dariya ya ce sunan iska, suna ne kawai aka ƙaga, ba mai shi. Na lura takardun sun sha ninki, sun yi ja, har da ɗigon manja a gefen ɗaya. Na gani da idona, na ce a raina ina ruwana. Na je da su aka yi min katin.

Ranar ciniki mai unguwa ya karanta takarda a gaban shaidu, ya faɗi sabon sunana, da sunan uba, da garin haihuwa, wai Liba ta ƙasar Maiyama. Ban taɓa taka garin ba. Na dangwala yatsa, aka yi fatiha. A kasuwa dama Mai Albasa ake kirana, ba wanda ya damu da sunan yanka, a sabuwar unguwa kuwa da sunan takarda na shiga. Matan maƙwabta suka riƙa kirana da shi, da farko sai an kira sau biyu nake waiwayawa, daga baya ya zauna. A wannan shekarar na shiga ajin manya na yamma da wata malama ke koyarwa a makarantar Islamiyya, don na gaji da a karanta min abin da ke nawa. Kalmar farko da na rubuta a duniya ita ce wannan sunan. Malama ta ce a tafa min.

Wata ranar kasuwa da azahar na dawo gida in yi salla, rana ta take, unguwar tsit, na tarar da wata tsohuwa zaune a zaurena ta miƙe ƙafa, da ƙwarya a gefenta. Siririya ce, idonta ɗaya ya yi fari. Ba ta yi sallama ba, ba ta gaishe ni ba. Ta kira sunan nan, amma ba yadda maƙwabta ke kiransa ba, ta ja ƙarshensa kamar mai kiran yarinya daga bayan gida. Kafin in yi tunani bakina ya ce na'am. Ta rufe ido ta jima. Sannan ta ce in matso, ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa da hannu mai sanyi kamar an tsamo shi daga randa, ta ce ɗiyata kin yi jiki, halan Jega ta karɓe ki. Ta ce daga Liba take, wani direba da ya tsaya shaida ranar ciniki shi ya kai labari gida, wai ɗiyar wance ta sayi gida a Jega.

Ku da ba ku san ni ba ba za ku gane ba. Na taɓa shaƙe wuyan kwandasta a kan buhu ɗaya. Amma wannan tsohuwar da iska za ta iya kayarwa, na kasa ce mata kin yi ɓatan kai. Idan na ce ba ni ba ce, ga takardar gida a ƙasan akwati tana cewa ni ce. Sai na ce Inna sannu da hanya, na ɗebo mata ruwa. Na ce a raina ruɗewar tsufa ce, 'yarta ta shiga duniya ta manta da ita, zan lallaɓa ta ta tafi. Na je wurin dillali da faɗa, ya ce Hajiya ke da kika samu uwa kyauta, ki yi ta kai mata goro mana.

Ba ta daina zuwa ba. Duk ranar kasuwa sai na same ta a wuri ɗaya, ban taɓa ganin shigowarta ba, maƙwabta ma sun ce ba sa ganin wucewarta. Kullum da abu ɗaya a ƙwaryar. Yau tandun kwalli, wani makon mataji da sauran gashi a jikinsa, wani makon zane shuɗi da ya sha wanki. Sai ta ajiye ta ce kin manta wanga a gida. Ba ta cin abincina, ruwa kawai. Sai ta zauna tana tuna min ƙuruciyata: yadda na faɗo daga itacen mangwaro aka goya ni har Aliero wurin masu ɗori, yadda na ciji mai ɗorin, yadda ba na cin kuɓewa. Idan tana faɗin karayar sai ta riƙe hannuna na hagu a daidai tsintsiya ta matsa. Wallahi bayan wasu makonni wurin ya fara yi min tsami idan hadari ya haɗu, ni da ban taɓa karyewa ba. Rannan a kasuwar Aliero wata mai sayen albasa ta zo da ɗanta an ɗaure masa hannu da karare, sai na ji kaina ina ce mata kada ta damu, ni ma a nan aka ɗora ni ina yarinya. Sai da matar ta wuce na tsaya da mudu a hannu, na gane abin da na faɗa. Kuɓewa kuwa ban san ranar da na daina saye ba.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne da hantsi, ina shanya a tsakar gida, zanen nan shuɗi a jikina, don na fara ɗaura shi. Waya ta yi ƙara, wata murya ta kira wani suna sau uku. Na ce ba nan ba ne, na kashe. Sai da na koma bakin igiya na gane muryar mahaifiyata ce, sunan kuma nawa ne, wanda aka yanka min rago da shi. Na zauna a ƙasa. Da na sake kira, ƙanena ya ce tsohuwarmu tana kuka, wai ta ji muryar ɗiyarta amma ɗiyar ta ce ba ta san ta ba.

Makon da ya biyo baya tsohuwar Liba ba ta kawo komai ba. Ta ce kaya sun ƙare, sai in zo in ga ɗakina. Na bi ta, da niyyar in samu wani namiji a gidan in ce su riƙe tsohuwarsu. Muka hau mota zuwa Maiyama, daga nan muka hau babur. Da muka shiga garin, matan da ke bakin rijiya suka bar guga a ciki suka tsaya suna kallon zanen jikina. Na gaishe su, ba wadda ta amsa. Ɗakin a share yake, gado a gyare, ga takalma a bakin ƙofa an jera su suna kallon waje. Ba ta bar ni na zauna ba. Ta ja ni ta bayan gida, muka ratsa gonar dawa, ta tsaya a inda mata ke tsayawa, ta nuna min wata bishiyar kalgo a cikin maƙabarta. Ta ce ga ki can, damina huɗu ke nan.

A nan bakina ya buɗe. Na ce Inna ki ji tsoron Allah, ni ba ɗiyarki ba ce, ni 'yar Nijar ce, takarda na saya. Ta dube ni da idon nan mai gani ta ce awo ta sani, halan na zaci ta haukace. Ta ce ita ta riƙe butar ranar da aka yi wa ɗiyarta wanka, wurin haihuwa ta tafi ita da abin cikin, kuma mijin ne ya kwashe takardunta ya bar garin. Ta ce ranar farko da faɗa ta zo, ta zo ta ga marar kunyar da ta tono mata ɗiya ta kai ta kasuwa, amma da ta kira aka ce na'am sai ta kasa faɗan. Ta ce ta yi ta komowa don ta ji na'am ɗin nan, ta san ba daidai ba ne, ita ma Allah ya yafe mata. Kayan kuma ta kawo ne ta ga ranar da zan ji nauyi in ce ba nawa ba ne, sai ta ga ina karɓa ina godiya.

Sannan ta faɗi abin da har yau nake ji a ƙashina. Ta ce tun da labarin gidana ya iso garin, idan ta ɗaga hannu za ta ce Allah ya jiƙan wance sai harshenta ya yi nauyi, don jiya-jiya ta bar wance tana auna albasa. Matan gari ma sun daina ambatonta a addu'a, tsoron sunan suke. Ta ce 'yar nan, ke kuma fa, ran da taki ta zo, mai shela sunan wa zai faɗa, liman wa zai ce a yi wa addu'a? Kabari biyu suna ɗaya, ke ba ki da ko guda, uwarki tana can tana jiran ɗiyar da ba a ce ta mutu ba. Ta ce ba ta son gidana, ba ta son ko bulo ɗaya, in sakar mata ɗiya ta kwanta.

A ɗakin na kwance zanen na ninke, wata mata ta ara min nata. Washegari na je wurin mai unguwa na faɗa masa komai, ya yi salati ya fi a ƙirga, ya raka ni wurin hukuma. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wuya. An tsare ni, an yi min tambayoyi har na gaji da jin muryata, aka soke katin. Dillali ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Tsohuwar ta hau mota da kanta ta zo ta yi shaida cewa ni na kai kaina. Aka ce in koma ƙasarmu in zo da takarduna na gaskiya. Na koma, na durƙusa gaban mahaifiyata, na dawo da katina na can, na nemi takardar zama irin ta baƙi. Abin da ya fi ƙona min rai, ma'aikacin ya ce tun farko wannan kawai ya kamata in yi, kuma da na nemi lauya ko na je ofishin filaye da an nuna min hanyar da baƙo ke bi ya mallaki muhalli. Gidan kuwa, da 'ya'yan wanda ya sayar min suka ji takardar ciniki da sunan mamaciya take, sai suka kai ƙara. Har yau yana kulle, ciyawa ta rufe bakin rijiyar, ni kuma na koma ɗakin haya. Tsohuwar Liba ta rasu bara. Na je gaisuwa, na ji an haɗa ta da ɗiyarta a addu'a ɗaya, da sunayensu, da ƙarfi, kowa ya ce amin.

Ba na ɗora wa jahilci laifin duka, don ko ban iya karatu ba na san takardar da ta tsufa ba jiya aka ƙaga ta ba. Son gida ne ya rufe min ido, da jin kunyar a ce min baƙuwa. Saboda haka 'yan uwana mata da maza da ke zaune a ƙasar da ba taku ba, ko a nan, ko Gana, ko Makka, ku je ofis da ƙafarku ku ce ni baƙo ne, me doka ta ce in yi. Ko layin ya kai ina, ku bi shi. Wanda zai ci riba a cinikinku kada ku ɗauke shi malamin doka. Idan kuma wani ya miƙo muku takarda ya ce ba ta da mai ita, ku ce masa ƙarya yake. Wata ce ta yi naƙudar mai wannan sunan, kuma mai yiwuwa tana nan da rai, tana neman kuɗin motar da za ta zo zaurenku.