Fuskar Gwaggo ta Roba

Gwaggo yayar Baba ce. Ta zo aikin Hajji ita da mijinta tun kafin a haife ni, kuma ba su koma ba. Mijin ya rasu a nan Makka, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi makwancinsa. Tun daga ranar ba ta da wani buri sai ita ma a yi mata haka. Likkafaninta ma ta riga ta tanada, ta wanke shi da ruwan zamzam, yana naɗe a ƙasan akwatinta.

Mu muna da iƙama, takardar izinin zama, saboda Baba direba ne a wani kamfani. Gwaggo ba ta da ita. Duk wanda aka kama babu takarda, tarhil ake kai shi, gidan da ake tara mutane kafin a sa su a jirgi. A can gida kuwa ba wanda ya rage mata, sai suna a bakin dangi na nesa. Don haka ta iya rayuwa a gefe. Ɗakinta yana ƙarƙashin namu a unguwar Misfala, tana suyar waina a bakin ƙofa tana sayar wa leburori, kuma in ta fita, jikin bango take bi, ba ta haɗa ido da kowa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Uwata.

Wata shekara aka ɗauki Baba jigilar kaya zuwa wani kwari a wajen iyakar Harami, ta wajen hanyar Ɗa'ifa. Wasan talabijin ake ɗauka a can, labarin wani birnin aljanu da ake shiga ta cikin rijiya. Leburorin wurin suka gaji da shinkafar leda, sai Baba ya riƙa kai Gwaggo da tukwanenta. Wata rana ta gama rabon abinci ta zauna a jikin rijiyar tana hutawa, da baƙin mayafinta na shuni. Mai shirya wasan ya hango ta, ya daɗe yana kallon tsagar gadon da ke kumatunta, ya ce kada ta motsa. Ba a ba ta magana ko ɗaya ba. Ta ɗebi yashi, ta ɗaga hannu, ta bar shi yana zuba. Shi ke nan aikinta.

Da azumi aka fara nuna wasan, bayan shan ruwa. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina karatun adabi, kuma abu kaɗan ke tafiya da hankalina. Na so birnin nan mai fitilu shuɗɗa kamar in shiga in zauna. Amma duk wanda zai shiga cikinsa sai ya wuce ta gaban tsohuwar rijiya, kuma tsohuwar Gwaggona ce. Kullum da fuskarta ake buɗe wasan, ta cika allon tam. Ranar farko mun yi ta dariya, Umma har da guɗa. Baba ne kaɗai ya ajiye dabinon da ke hannunsa bai ci ba.

Da sanyi ya shigo, aka ce an mai da kwarin wurin shaƙatawa, an kafa tantuna da rumfunan sayar da tsaraba, iyalai na zuwa daga Jidda da Ɗa'ifa. Gwaggo ce ta hau bene ta same mu muna cin abincin rana.

"Alhaji ƙarami, za ka kai ni in ga rijiyata."

"Yaya, shingen bincike fa yana nan inda kika bar shi."

"Da ka kwashe ni da tukwane babu shinge a hanyar? Sai yanzu ya tsiro?"

"Rijiyar katako ce, Yaya. Ni na ɗauko ta a bayan mota, a ɓalle."

"To kai ni in ga katakona."

Ba a musu da Gwaggo a daɗe. Ranar Asabar muka shirya, ni da ita da Baba. Ta fito ta yafa baƙin mayafin a kan abayarta, yana ƙamshin turaren wuta. Umma ta dube ta daga matakala.

"Yaya, wannan fa shi ne na talabijin."

"Shi ne na unguwa. Da wanne zan fita, da na suya?"

A wurinta fita fita ce, kuma mace ba ta zuwa taro da tsumma. Ba ta taɓa ɗaukar mayafin a matsayin kayan wasa ba, nata ne tun na aure.

A hanya ta sa niƙabi, duk da yana toshe mata numfashi, don hayaƙin suya ya daɗe da taɓa mata ƙirji. Na zauna kusa da ita ina jin ƙirjin yana kuka a hankali. Muka wuce shingen ba a tsai da mu ba. Na saki yatsuna, na ga farcena ya yi shaida a tafin hannuna.

Kwarin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Duwatsun da na sani shuɗɗa a allo, jajaye ne, busassu. Amma wurin ya cika. Akwai kofuna masu hoton rijiya, da ƙananan kwalabe cike da yashi, da wata mata da ke zana wa yara tsaga a kumatu da kwalli. Sai wata rumfa da na tsaya a gabanta na kasa gaba. Fuskar Gwaggo ce aka yi ta roba, an rataye ta jere-jere har sama, kowace da ɗan baƙin mayafi mai sheƙi, idanun a huje, iska na juya su. Yara da 'yammata suna ta yawo da ita. Duk inda na waiga Gwaggo ce, gajeriya da doguwa, wata tana shan lemo ta ƙarƙashin haɓa.

"Uwata, saya mana ɗaya," in ji ta. "In ga ko ta fi ni kyau."

Na saya, na tura a jaka. Baba ya ce zai je ya nemi inuwa ya gyara wa motar zama. Mu kuma muka gangara wajen rijiyar.

An kewaye ta da igiya. Gwaggo ta dafa igiyar tana haki, gangaren ya wahalar da ita. Ta ɗage niƙabin don ta sha iska, ta miƙo mini shi. Wata yarinya ƙarama da ke gefenmu ta ɗaga kai, ta dube ta, ta ja rigar uwarta.

"Mama, ita ce. Ta gaske."

Ban san yadda mutane suka taru da sauri haka ba. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Ana cewa ya Hajja dubo nan, ya Hajja yi mana irin na wasan. Na riƙe gefen abayarta na ce mu tafi. Amma Gwaggo, wadda tun da na san ta jikin bango take bi, sai ta miƙe ta gyara mayafi. Ta sunkuya ta ɗebi yashi, ta ɗaga hannu. Wurin ya yi tsit yashin na zuba, sannan aka ɗauki tafi. Ban taɓa ganin fuskarta da irin wannan hasken ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Wani saurayi daga masu kula da wurin ya kutso, da kati rataye a wuyansa, fara'a fal fuskarsa. Ya sumbaci kan Gwaggo. Ya ce sun daɗe suna nemanta, ba wanda ya san sunanta. Ya ce yau sai ta hau dandamali an karrama ta.

"Ba ni iƙamarki kawai, ya Hajja, in yi miki katin shiga."

Ya juya ya yafito askarawa biyu, 'yan sandan da ke tsaron wurin, don su buɗe mata hanya. Suka zo suka tsaya, ɗaya a damanta ɗaya a hagunta, cikin ladabi. Na ga hasken nan ya bar fuskar Gwaggo kamar an hure fitila. Ta saki yashin da ya rage a hannunta. Abin da kawai nake gani shi ne akwatinta a Misfala, da farin ƙyallen da ke ƙasansa, ba mai shi.

Sai aka kira sallar la'asar. Na ji muryata ta fita da Larabcin makaranta, a nutse, kamar ba tawa ba. Na ce iƙamar tana mota, kuma Hajja ba ta yin komai in an kira salla sai ta yi. Saurayin ya ce ai wannan shi ne daidai. Askarawan suka raka mu har ƙofar tantin sallar mata, suka tsaya a waje suna jira.

Ƙofa ɗaya ce da tantin. Na duba bayansa, an danne ƙasan da buhunan yashi. Gwaggo ta zauna a kan darduma ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Uwata, a nan zan ƙare? A gaban katako?"

In ta sa niƙabi, za su tsai da duk gajeriyar tsohuwar da ta fito tare da ni. Na tura wa Baba saƙo, na ce ya tayar da mota ya jira a bakin ƙofar fita. Da na mai da wayar jaka, hannuna ya taɓa roba.

Na cire mata mayafinta na gaske, na ɗaura shi a ƙuguna ta cikin abaya. Na sa mata fuskar, na ja ɗan mayafin mai sheƙi ya rufe goshinta. Idanunta suka leƙo ta hujin, jajaye.

Wata Balarabiya 'yar ƙasa tana zaune kusa da mu da 'ya'yanta 'yammata uku, sun idar da salla. Tun shigowarmu take kallonmu. Na san ta gane. Na jira ta ɗaga murya. Ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta juya ga 'ya'yanta.

"Yalla, ku sa fuskokinku, babanku na jira."

Suka sa, irin ta Gwaggo sak. Matar ta miƙe, ta kama hannun Gwaggo, ta ja hannun rigar ya rufe yatsun da suka tsufa, ta sa ta a tsakiya. Ta yi mini alama da ido in zauna.

Ta wani ɗan yage a jikin tantin na kalle su. Tsofaffin rijiya huɗu suka fita a jere, ukun suna dariya suna ture juna. Askar ɗaya ya matsa ya ba su hanya, idonsa na kan ƙofar. Ta tsakiyar tana ɗingisa ƙafar hagu kaɗan. Na roƙi Allah kada ta yi tari.

"Ya ukhti, 'yar'uwa," saurayin ya kira ni daga waje, "Hajja ta idar?"

"Tana lazimi," na ce. "Takan daɗe."

Na sa niƙabinta. Na jira wasu mata suka tashi, na shiga cikinsu, baƙi a cikin baƙi. Na wuce ta gaban askar ɗin har ina jin ƙamshin turarensa. Ban yi gudu ba, ko da yake duk jikina gudu yake so.

Na sami Gwaggo a kujerar bayan motarmu, fuskar na kanta, numfashinta na buga robar daga ciki. Matar da 'ya'yanta sun tafi. Har yau ban san ko su wane ne ba. Baba ya ja mota.

Saura shingen komawa, kuma shi ne mai tsanani. Na mayar mata da niƙabinta, na ɗora fuskar a cinyata. Wannan karon aka tsai da mu. Askar ya karɓi iƙamar Baba, ya leƙo baya. Idonsa ya sauka a kan cinyata.

"Daga wurin rijiya kuke? Yarana sun hana ni sakat. An ce yau tsohuwar da kanta ta bayyana, ta kuma ɓace."

"Haka muka ji," in ji Baba.

"Aljana ce ai," ya ce yana dariya, ya miƙo takardar.

Sai da muka shiga iyakar Harami Gwaggo ta saki tarin da ta riƙe. Ta yi shi har hawaye. Da ta lafa, ta karɓi fuskar daga hannuna ta juya ta wajen taga, ta bi tsagar da yatsa.

"Sun rage mini a kuncin hagu," ta ce. "Wannan ba 'yar gidanmu ba ce."

Baba ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ba.

Kafin mako ya zagayo, hotonta tana zubar da yashi ya shiga wayoyin mutane har a unguwarmu. Gwaggo ba ta sake zama a bakin ƙofa ba. A ciki take suya yanzu, Umma ke miƙa wainar ta taga. Baƙin mayafin ma bai sake ganin rana ba. Umma ta ce a jefar da fuskar, gida mai siffa mala'iku ba sa shiga. Gwaggo ta ƙi. Ta kifa ta a cikin akwati, a kan likkafanin, ta ce in mala'ikun sun zo ɗaukarta su ɗaga su ajiye gefe.

Tana nan har yanzu a ɗakin ƙasa. Idan mota ta tsaya a ƙofarmu ba a kashe ta ba, nakan ajiye abin da nake karantawa in saurara, sai na ji tarinta da ƙarar mai a tanda.