Suwaitar Umma a Dubai

Shekarun baya, da na samu gurbin karatu a Dubai, babu abin da ya tsaya wa mahaifiyata a rai kamar sanyi. Ni mai fuka ne tun ina ƙarami, da zarar sanyi ya bugi ƙirjina sai numfashina ya riƙa fita kamar ana busa usur. Da ƙyar ta bari na tafi, kuma da sharaɗi: ranar da ta ji fukar ta tashi a can, karatu ya ƙare, in tattaro nawa ya nawa in dawo Kano. Umma kuwa ba ta magana biyu.

Ƙanwata ce ta ƙara rura wutar. Ta shiga shafin makarantar ta ga sun raba shekara da sunayen yanayin Turawa, sai ta zauna ta fassara wa Umma tiryan-tiryan: zangon kaka, hutun hunturu, zangon bazara, sai na rani. Umma ta ce, "To ka ji. Ƙasa mai yanayi huɗu, irin wadda ɗan maƙwabciyarmu ya je ya dawo da yatsu a ƙandare." Shi fa Rasha ya je. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa Dubai hamada ce, ta ce makaranta ba za ta rubuta hunturu don wasa ba, kuma ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ba ni zan koya mata duniya ba.

Haka ta sayo zaren ulu ta ɗauki kwarashi ta saƙa mini suwaita. Koriya shar, da jan layi a ƙirji, ga kauri kamar darduma, hannun hagu ya ɗan ɗara na dama. Ita kaɗai ta cinye rabin akwatina, sai da na bar kilishina saboda ita. Wannan har yau ban huce ba.

Na sauka a ƙarshen watan Agusta, wai farkon kaka ke nan. Ina fita daga filin jirgi gilashin idona ya yi gumi, na daina ganin komai, iska ta dake ni kamar na leƙa tukunyar tuwo. Ni da na sha bazarar Kano ina cika baki, ranar na san akwai gaba da gabanta. Ina isa masauki na kira gida, kafin ma in gama gaisuwa Umma ta ce, "Ka sa rigar?"

Tambayar nan ta zame mini karatun kullum. In ce Umma zafi ake, ta ce ai na shigowa ne, sanyin na tafe. Da abin ya ishe ni, sai na cusa suwaitar a leda na nufi Al Ras, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, wajen wani abokin mahaifina da ya daɗe yana aika kaya gida. Na ce ya haɗa ta da kayansa, a kai gidan yayata a ɓoye.

Ya zaro ta ya ɗaga, ya shafa saƙar. "Hajiya ce ta yi wannan da hannunta?"

"Ita ce, Baba. Amma me zan yi da ita a garin nan?"

"Watanka nawa da zuwa, habibi?"

"Ban cika ɗaya ba."

Ya yi dariya har da tari. "Khalas, shi ke nan, ajiye. Kwantena na tashi ƙarshen wata, inshallah. Yalla, zo ka sha shayi."

Na fito ina jin kaina sakayau. Abin da ban lura da shi ba, yanayi huɗun da ƙanwata ta lissafa duk suna nan, a rana ɗaya ake yin su. Abokin ɗakina wani ɗan ƙasar sanyi ne, ba ya iya barci sai ya ƙure na'urar sanyaya ɗaki, sai in tashi da safe haƙora na haɗuwa. In fita titi in jiƙe sharkaf da gumi. In shiga bas da jiƙaƙƙiyar riga, sanyi ya manna mini ita a ƙirji. In sauka in sake gasuwa, sannan in shiga ɗakin karatu, wanda ban san da wa suke gasar sanyi ba. Na yi wa abokin ɗakin nan magana, ya ce in sa bargo. Na yi wa mai kula da ɗakin karatu magana, ya ce daga sama ake saita ta. Duk wanda ka tambaya a garin nan sai ya ce daga sama ake saita ta.

Mura ta fara, tari ya biyo, ana saura mako guda jarrabawar tsakiyar zango sai usur ɗin nan ya dawo. Ma'aikaciyar asibitin makaranta ta ba ni abin shaƙa, ta ce in riƙa rufe ƙirjina da kaya masu kauri. Na karɓi maganin na fito cike da takaici.

Da yamma Umma ta kira. Na yi ta danne tarin, amma guda ɗaya ya kuɓuce. Sai ta ce, "Gobe bayan Juma'a ka kira ni ta bidiyo. Ina so in gan ka da rigar, in kuma ji numfashinka."

Hankalina ya tashi sosai. Da rigar sanyi ce kawai matsalar, da na shiga kanti na saya. Amma a duk Dubai ina zan samu koriya mai jan layi da hannun hagu ya fi na dama? Ga wata ya riga ya ƙare. Washegari da sassafe na kama jirgin ƙasa zuwa Al Ras, ina shaƙar magani ina tsine wa wayona.

Na tarar da abokin mahaifin nawa a ƙuryar shago, a ƙarƙashin na'urar sanyi, yana waya kan jigilar kaya. Ya gama na gaishe shi na ce, "Baba, kwantenar ta tashi?"

"Tuni. Tana kan ruwa."

Na zauna a kan wani kwali. Ya miƙo hannu zai zuba mini shayi, sai na ga wani abu kore ya leƙo ta ƙarƙashin hannun jallabiyarsa. Hannun hagu.

"Baba, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. "Yo ni mahaukaci ne in tura wannan Kano? Shekara da shekaru ina fama da ciwon baya saboda injin nan, ban taɓa samun irinta ba. Na san za ka dawo, na ce kafin nan shwaiya in ɗan more ta." Sai da na yi ta magiya kafin ya cire, kuma sai da na yi alkawarin zan roƙar masa tasa wajen Umma.

Bayan Juma'a na zauna a ɗakina, sanye da suwaita tana ƙanshin turaren Baba, na sha magani na kira. Umma ta ƙura mini ido ta ce in ja numfashi. Na ja a hankali. Ta ce in sake. Allah ya rufa asiri usur ɗin bai fito ba. Ta gyara zama ta ce, "Kai da ka ce babu sanyi?"

Na buɗe baki zan yi bayanin na'ura, sai na tuna Kano, na ce, "Akwai, Umma."

Da suwaitar nan na rubuta jarrabawa, da ita na gama karatun, 'yan ajinmu har suna suka sa mini saboda ita. Na koyi cewa mutum zai iya yin kuskure a dalili amma ya dace da magani, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don har yau ni ne mai gaskiya: Dubai hamada ce. Amma gaya wa wa? Duk wanda zai tafi can daga unguwarmu sai Umma ta saƙa masa suwaita. In ya yi gardama, sai ta aiko a kira ni in ba da shaida, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ya karɓa.