Boris Biyu a Aljihun Mainasara

Shekara talatin Mainasara ya yi yana gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa a Bodinga. Bai taɓa wuce Gusau ba, amma ya san duniya ta kwalin boris, zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke sa sandar inji ta juya ba gardama. Ya san na Suwidin da na Jamus, ya san na Japan, ya san na Amurka masu nauyin tsiya. Sai dai bai yarda da kwali ba, don kowa na iya buga tambari. In aka kawo masa boris, sai ya zura yatsa ya wulwula shi kusa da kunne. Mai kyau ba ya surutu. Jabu kuwa sai ka ce an zuba masa yashi.

Abin da gari bai sani ba, ƙarar inji ta cinye kunnen nan. Shekara biyu ke nan, da an miƙa masa boris sai ya wulwula don idon mutane, ya gyaɗa kai, ya ce bari ya shiga gida ya sha ruwa. A ciki matarsa Tani, wadda ke jin tsakuwa ɗaya a faifan gero, ita ke saurara ta yanke hukunci. Wasu har cewa suke tofi yake yi wa ƙarfen.

Rannan Badaru, manomin albasa daga Danchadi, ya zo da injinsa a mace, albasa kwana uku ba ruwa. Ya kawo boris biyu daga Sakkwato, kwali iri ɗaya, kuma mai shago ya rantse a kan kowanne. Mainasara ya wulwula na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ai ko tirela ce ta wuce, shirun zai ji. Ya miƙe zai shiga shan ruwa, sai ya tuna tun safe Tani ta tafi suna a garin Shagari.

Yana iya zaɓar ɗaya da ka, ya tsira da sunansa. Amma in jabun ya ɗaura, kafin Juma'a inji ya sake tsayawa, albasa ta tafi. Ya zuba su aljihu, ya ce wa Badaru ya tada babur.

A gidan suna aka yi masa sallama da ita. Ta fito zaure, mata uku na biye da ita don jin ko lafiya.

"Malam, ruwan Bodinga ya ƙare ne, har ka biyo shi Shagari?"

Ya ciro boris ɗin, ya miƙa mata. Ta goge hannu da gefen zane, ta wulwula ɗaya, ta wulwula ɗayan.

"Wanga kuka shikai. Ɗaura wancan."

Badaru ya saki baki yana kallonsu. Mainasara ya tambaye shi inji yake so ko labari.

Kafin la'asar ruwa na gudu a fadamar Danchadi. Labari kuwa ya riga su isa Bodinga, tunda mata uku sun gani.

Yanzu mutane kan gaishe shi a rumfa da ƙarfi, su miƙa boris, su ce a kai wa Inna Tani ta ji. Shi ke kwancewa, shi ke ɗaurawa, kuma babu injin da ya dawo. Da masu tsokana suka tambaye shi ko abin bai dame shi ba, cewa ya yi ya huta da shan ruwa sau goma a wuni ba ƙishi.