Garayar Barau a Kwamfutar Hambali

Hambali mai turi maƙwabcina ne a bakin tashar Birnin Kudu, ni ina ɗinki, shi yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Mutum ne mai taurin kai da riƙon alkawari, kuma wallahi su biyun ne suka kai shi ƙasa.

Kowa da jerin waƙoƙinsa a kwamfutar Hambali: na direbobin Gwaram daban, na matan Yalwan Damai daban. Amma akwai abin da ba ya turawa ko za ka yi kuka, wato kiɗan Barau, wani mai garaya na garin Sara. Hambali da kansa ya ɗauki kiɗan da waya a wajen bukukuwa, ya juye shi a kwamfutar kaɗai, Barau kuwa ya sa shi rantsuwa.

"Kada ka tura wa kowa. In suna da ni a aljihu, wa zai kira ni biki?"

Barau ya rasu, Hambali bai saki rantsuwar ba. Matar marigayin kaɗai, Inna Talatu, yake sa wa. Duk ranar kasuwa in ta sayar da daddawarta, sai ta zauna a bencina, ya maƙala mata abin ji a kunne, ta yi ta gyaɗa kai tana tanka wa mijinta.

Da sana'ar ta ja baya, kwamfutar ma ta fara ƙugi kamar injin markaɗe, sai ga Ashiru mai shagon buga takardu, sarkin iyayi.

"Malam Hambali, an bar yayin memori. Akwai ɗan umarnin kwamfuta da na rubuta, zai bi jerin nan naka kaf ya kai su manhajar sauraron waƙa ta intanet. Ko a ina kake, ka ji abinka."

"Duka?"

"Duka mana!"

Ina wurin aka yi. Rubutu ya yi ta gudu a allo, can Ashiru ya tafa ya ce an gama. Hambali ya latsa waƙoƙi biyu uku na direbobi a wayarsa, suka tashi tangaram. A saninsa, in an yi turi, waƙa ta koma can ɗungurungum. Bai san abin nan sunaye kawai yake ɗauka ba, ya nemo irinsu a rumbun masu manhajar, wanda babu ya tsallake shi shiru. Barau kuwa wa ya san shi a can? Ashiru ya san haka sarai, bai dai ga abin faɗa ba ne. Har yau in ya gaishe ni da ƙyar nake amsawa.

A makon Hambali ya sayar da kwamfutar ga masu sayen tsofaffin kaya, suka farfasa ta suka wuce.

Ranar kasuwa Inna Talatu ta ajiye ƙwaryarta, ta gyara zama, ta maƙala abin ji a kunne.

"Ɗan nan, sa mini kiɗan Malam."

Hambali ya yi ta dangwalar waya yana neman Barau, babu shi ko waƙa ɗaya. Daga ƙarshe ya durƙusa ya gaya mata gaskiya.

"Ba ka tura wa kowa ba? Ko mutum ɗaya?"

"Inna, shi ya hana ni."

Ta cire abin jin daga kunnenta, ta naɗe igiyar a hankali, ta miƙa masa.

"Haka yake, Allah ya ji ƙansa. Ka kyauta da ka ji maganarsa."

Tun daga ranar ta bayan tasha take bi. Hambali yanzu cajin waya yake yi, kuma a rumfarsa ko rediyo ba a kunnawa.